Darasi: "Na Iya" Daban, Iyawa Daban

Ya kai ɗalibi, tambayi ƙaninka ɗan shekara 5 ko zai iya tsallake kwatar ƙofar gidanku. Kafin ka rufe baki zai ce, "Na iya mana!" To, ya iya ɗin ne, ko kuwa gani yake ya iya? Masana suna da hanyar auna wannan.

Tun da ƙaramin yaro bai iya karatu ba, da hoto ake tambayarsa. A 1984 Susan Harter da Robin Pike na jami'ar Denver a Amurka suka fito da ma'auni na yara 'yan shekara 4 zuwa 7. Ana nuna wa yaro hoto biyu: ga gwanin tsalle da ƙafa ɗaya, irin na langa, ga wanda bai iya ba. Sai a ce, "Wanne ne ya yi kama da kai? Sosai ko kaɗan?" Amsarsa ita ce makinsa, daga 1 zuwa 4. A 2015 Lisa Barnett ta Ostareliya ta fito da irinsa mai motsi 12, har da gudu, jifa, shuri da cafe ƙwallo. Masu bincike kan fita da yaran fili su gwada, a kwatanta da abin da suka faɗa.

Me aka gano? Yawancin ƙananan yara suna kai kansu inda ba su kai ba. Sai wajen shekara 8 ganinsu ke fara daidaituwa da iyawarsu. Wannan yana da amfani, domin shi ke sa yaro ya faɗi ya tashi ya sake gwadawa. Amma akwai haɗari. A 1995 Jodie Plumert ta jami'ar Iowa ta gano cewa 'yan shekara 6 da suka fi cika baki sun fi jin ciwo.

Saboda haka a nan Mahuta mu lura. Da damina kududdufi na cika, da kaka motocin masara na gudu zuwa Funtua, ga kuma hawan mangwaro. Iyaye da yayye, kada "na iya" ta yaro ta sa a sake shi.

Aikin gida: Ja layi a yashi. Ƙaninka ya nuna inda yake ganin zai dira, ka sa alama, sannan ya yi tsalle. Auna tazarar da tafin ƙafarka, ka rubuta ka kawo wa malam. Kada ka yi masa dariya. Yaba masa, gobe ku sake.