Darasin Lafiya: Na'urar TENS da Ciwon Jikin da Ba Ya Fitowa a Gwaji

A zagayen da muke yi cikin ƙauyuka da unguwanni, mukan haɗu da mata masu kuka iri ɗaya. Jiki duka na ciwo, an kwana amma kamar ba a yi barci ba, ga gajiya tun da safe, ga mantuwa. An sha maganin zazzaɓin cizon sauro, an sha na taifot, an gwada jini ba a ga kome ba. Daga nan sai mutanen gida su fara cewa raki ne.

Akwai ciwon da ke zuwa da waɗannan alamu, sunansa faibromiyaljiya, kuma ya fi kama mata. Likita ne kaɗai zai tabbatar da shi, idan ciwon ya kai wata 3 ko fiye kuma an duba sauran cututtuka. Gaɓoɓi ba sa kumbura, nama bai lalace ba. Matsalar tana cikin laka da ƙwaƙwalwa, waɗanda ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya.

Na'urar TENS 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu, da batir take aiki. Ana manna faifanta a fata kusa da wurin ciwo, sai ta riƙa tura lantarki mai rauni zuwa jijiyoyi. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa a cikin laka akwai wani abu kamar ƙofa, kuma saƙon taɓawa yana iya tare wa saƙon zafi hanya. Dalilin ke nan da muke murza wuri idan mun buge. Wannan aikin na'urar take yi, tana kuma sa jiki ya saki sinadaransa na rage zafi.

To, tana taimakon masu faibromiyaljiya? A 2017 ƙungiyar Cochrane ta tattara binciken da aka yi har zuwa lokacin, ta ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Sai a 2020 aka wallafa wani babban bincike na jami'o'in Ayowa da Vanderbilt a Amurka, a kan mata 301. Aka raba su kashi uku: masu na'urar gaske, masu ta bogi, da waɗanda ba a ba kome ba. An ce su kunna ta awa 2 kullum har mako 4, kuma a lokacin da suke aiki ko tafiya. Cikin masu na'urar gaske, kashi 44 cikin ɗari zafinsu ya ragu sosai. Masu ta bogi kashi 22 ne, sauran kuma 14. Gajiyar ma ta ragu.

Mu lura da abu biyu a nan. Fiye da rabin matan ba su sami wannan sauƙin ba, kuma ba wadda aka ce ta warke. Saboda haka duk mai tallar na'urar lantarki a kasuwa da ya ce tana kawar da ciwo har abada, a riƙe kuɗi tukuna. Na biyu, kuma a ganinmu shi ne zuciyar darasin: a cikin motsi aka yi amfani da ita. Motsa jiki a hankali shi ne abin da likitocin gaɓoɓi na Turai suka fi ƙarfafawa a shawarwarinsu na 2017, amma wadda tafiya ke ƙara mata zafi ba za ta yarda ta taka ba. Idan na'urar ta rage zafin har ta iya shara ko zuwa rijiya, ta yi aikinta.

Ƙarfin lantarkin yana da muhimmanci. A ƙara shi har a ji shi sosai amma ba ya cizo, kuma idan jiki ya saba a ƙara kaɗan.

Kada mai na'urar daidaita bugun zuciya ya yi amfani da ita. Mai ciki da mai farfaɗiya sai da izinin likita. Ba a manna ta a maƙogwaro, ko kusa da ido, ko kan rauni, ba a kuma wanka ko tuƙi da ita. Wanda yake son gwadawa ya fara zuwa sashen gashi na babban asibiti, a nuna masa inda zai manna kafin ya sayi tasa.