Mai Riƙe da Bulala Ba a Gaya Masa Sirri

A makarantun sakandarenmu da yawa, in ka tambayi wane ne malamin shawara, sai a nuna maka wani malami da alli a hannu yana saurin shiga aji. Sunan dai yana nan a takarda, amma jadawalinsa cike yake da darussa kamar na kowa, ba shi da ɗakin da zai rufe ƙofa ya saurari yaro, wata rana ma shi ake miƙa wa bulala in an tare 'yan makara a bakin ƙofa. Mu da muke cikin wannan aiki mun san inda yake mana yoyo. Ba ɗalibai shawara cikakken aiki ne da ke tsaye a kan amana, kuma duk makarantar da ta ɗora wa mai yinsa koyarwa da horo, ta kashe aikin tun kafin ya tashi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Abin ba baƙo ba ne a Najeriya. A 1959 ne wasu sistocin Katolika da ke kwalejin St. Theresa a Oke-Ado, Ibadan, suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan matan da za su kammala karatu bayanin sana'o'i, kuma daga nan ake ƙirga farkon aikin a makarantun ƙasar. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a samar da su a makarantun gaba da firamare. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an gina shi ne bisa tunanin cewa bayan shekara uku a ƙaramar sakandare za a duba baiwar kowane yaro, a nuna masa hanyar da ta dace da shi. A 2022 kuma aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da masu wannan sana'a. Ke nan takarda ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaki, lokaci da mutunta aikin.

A duba mahaɗar da yaro ke isowa in ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, inda za a raba shi zuwa kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Shekarunsa ba su wuce goma sha huɗu ko sha biyar ba, amma zaɓin da aka yi masa a wannan lokacin shi zai buɗe ko ya rufe ƙofofin jami'a bayan shekara uku. Mai son likitanci sai da Fizis, Kemistiri da Bayoloji, mai son lauya sai da Adabin Turanci, kuma hukumar JAMB darussa huɗu take jarrabawa, in aka cike wanda bai dace da kwas ba, maki mai yawa ba zai yi ceto ba. Sau da yawa yaro abokinsa yake bi, ko a tura shi kimiyya don a ce ɗan gidan wane zai zama dokta, alhali lissafi na ba shi kashi. Aikin malamin shawara shi ne ya tara sakamakon yaron na shekara uku, ya zauna da shi, ya zauna da iyayensa, ya kuma nuna musu cewa kwalejin fasaha da koyon sana'a hanya ce ta mutunci. Wannan bin fayil ne ɗaya bayan ɗaya, ba a yinsa a mintuna goma na hutun tara.

Ɓangare na biyu na aikin ya fi nauyi, domin ya shafi abin da yaro ke ɓoyewa. Rahoton binciken 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a wannan shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Ga kuma yaran da suka ga tashin hankali da idonsu, daga Chibok a 2014 zuwa Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, ban da dubban da aka raba da garuruwansu. Irin wannan damuwa ba ta zuwa da sallama. Tana bayyana ne a matsayin fashin makaranta, barci a aji, faɗa, ko makin da ya faɗi ba zato. Bulala na iya danne alamar, amma dalilin yana nan daram. Yaron da ya san wanda zai kai wa kukansa shi ne zai zane shi gobe a gaban asambuli, ba zai buɗe baki ba, kuma yana da gaskiya.

Wasu za su ce muna da iyaye da malaman addini, me ya kai mu neman wani mai nasiha? Matsayin waɗannan babu mai taɓa shi. Sai dai mu tuna cewa tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya, har akwai maganar da ɗa ba ya iya furtawa a gaban mahaifinsa ko da za ta kashe shi. Magabata sun san haka, shi ya sa suka bar wa yaro ƙofar kaka, goggo da kawu, waɗanda zai iya sakin jiki da su, su kuma su isar da magana cikin hikima. Yau babban gida ya watse, yara da yawa suna makarantar kwana nesa da dangi. Malamin shawara gurbin goggo da kawu yake cikewa a inda yaro ke wuni, tare da horon gane lokacin da matsala ta fi ƙarfin nasiha, sai asibiti.

Wasu kuma tsoronsu shi ne riƙe sirri zai zama ɓoye wa iyaye halin da 'ya'yansu ke ciki. Ƙa'idar aikin ta amsa wannan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, don haka abin da yaro ya faɗa ba ya zama hirar ɗakin malamai. Amma tun zaman farko ake gaya masa iyakar amanar: in rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa, dole a sanar da waɗanda za su kare shi. A sauran al'amura kuwa, burin shi ne a shirya yaron har ya iya tunkarar iyayensa da kansa, ko a zauna gaba ɗaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙarancin malamai. Shugaban makarantar da ba shi da malamin lissafi zai ga asara ce ya bar mutum guda ba ya shiga aji, kuma ba a ga laifinsa ba. To amma a yi lissafin har ƙarshe. Kowane ɗalibin da ya yi shekara uku a ɓangaren da bai dace da shi ba, ko yarinyar da ta bar makaranta a aji biyar ba wanda ya bi sawunta, ya tafi da wahalar duk malaman da suka koyar da shi. A Amurka ƙungiyar masu wannan aiki ta ba da shawarar mutum ɗaya ga ɗalibai 250. Mu ko kusa da haka ba mu roƙa ba tukuna. Jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello da Bayero, suna horar da masu wannan fanni, da yawansu kuma suna cikin makarantun suna koyar da wani darasi dabam.

Saboda haka gyaran farko ba ya buƙatar sabon kasafi. Shugaban makaranta ya nemo wanda ya karanci fannin a cikin malamansa, ya rage masa darussa, ya cire sunansa daga kwamitin ladabtarwa, ya ba shi ɗaki mai ƙofa da akwati mai makulli, a makarantar da ke da 'yan mata kuma a samu mace a wurin. Iyaye su ma, a taron iyaye da malamai na gaba, bayan an gama maganar kuɗin jarrabawa, su tambaya: in ɗana ya shiga damuwa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?