Magatakardan kotu da maganarka

Ɗan'uwa mai karatu, ko ba ka taɓa shiga kotu ba, wata rana ana iya kiran ka. Ko rikicin gona, ko gado, ko bashi, ko kuwa shaida za ka bayar. In ka shiga, idonka zai tsaya bisa alƙali. To, ka duba kusa da shi. Akwai wani mutum zamne, ba ya yawan magana, rubutu kawai yake yi. Shi ne magatakardan kotu. Da faransanci ana ce mishi "greffier".

Mine ne aikinsa? Shi ke rubuta abin da ya gudana wurin shari'a cikin babban littafin kotu. Yana sa ranar zama, da sunayen masu shari'a, da abin da kowa ya faɗa, da hukuncin da aka yanke. Kafin ya kama aiki sai ya yi rantsuwa. In an gama shari'a, shi da alƙali ke sa hannu ga takardar hukunci. Takardar ta asali tana zama ofishinsa. Kai kuwa kofi ake ba ka in ka nema.

Don mi wannan ya shafe ka? Don magana iska ce, rubutu shi ke zama. Ana iya canza wa alƙali wurin aiki. Shaidu suna iya yin tafiya, ko su manta, ko Allah ya yi musu rasuwa. In ka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, kamar ta Yamai, ta Damagaram ko ta Tawa, alƙalan can ba su ji maganarka ta farko ba. Takardu za su buɗe su karanta. Abin da ke ciki shi ne maganarka gare su.

Ga kuma wani abu. A shekarar 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma faransanci yana cikin harsunan aiki, kuma da shi ake rubuta takardun shari'a. Ke nan maganarka tana bin hanya mai nisa. Ka faɗa da Hausa, tafinta ya juya ta, magatakarda ya rubuta. Bisa wannan hanya kalma tana iya faɗuwa, ko ba da nufin kowa ba.

Ka lura da batun kuɗɗi. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take ƙirga. Dala ɗaya tamma 5 ce. In ka ce dala 100, a takarda 500 za a rubuta. Jikka guda 1.000 ce. In kana bin mutum jikka 50, sai ka ga 50.000. In sifiri ɗaya ya ɓace, ta koma 5.000, wato jikka 5. Ka ga an yi asarar jikka 45 saboda ɗan zagaye guda.

To, ƙaƙa za ka yi? Ga abu biyar.

1. Yi magana sannu, guntu-guntu. Bari tafinta ya gama kafin ka ci gaba.

2. Faɗi abin da ka gani da idonka. Abin da aka gaya maka, ka ce gaya maka aka yi.

3. In an ɗauki maganarka wurin jandarma, ko ƴan sanda, ko alƙali mai bincike, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka, an fassara maka.

4. In ka ji kuskure, ka ce: "Ranka ya daɗe, ba haka na faɗa ba." Wannan ba rashin kunya ba ne. A gyara kafin ka sa hannu.

5. In hukunci bai gamshe ka ba, tafi ofishin magatakarda da wuri. Can ake rubuta ɗaukaka ƙara, kuma kwanakinta ƙidayayyu ne. Tambaye shi kwana nawa gare ka.

Kana iya cewa: "Ai ni ba na jin faransanci." Gaskiya ne. Amma baƙaƙen da ka koya a aji su ne dai a takardar. Kana iya gane sunanka, da na mahaifinka, da na garinku. Kana iya karanta lamba da kwanan wata. Wuraren nan kuskure ya fi yin ɓarna, kuma yanzu idonka yana ganin su.

Ko gaban maigari ko sarki aka sasanta ku kan gona, nemi a rubuta takardar sulhu. Ka aje ta wuri mai kyau, inda ruwa da gara ba su kai. Wata rana ɗiyanka za su bukace ta. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Wane ne ke rubuta abin da aka faɗa a kotu?
2. Ƙaƙa ake rubuta jikka 20 a takarda?
3. Mi ya kamata ka yi kafin ka sa hannu?