Ɗaurin Reshe: Hanyar Yaɗa Gwaba da Renonta a Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma gwaba ta saɓa wa wannan magana. Sau da yawa akan shuka ƙwayar gwaba mai zaƙi da tsoka, a shafe shekara 3 ko 4 ana ban ruwa, daga bisani ta yi 'ya'ya ƙanana masu tsami. Dalili kuwa shi ne ƙudan zuma kan ɗauko garin fure daga wata bishiya, sai iri ya gauraya. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga masu lambu a bakin kogin Kaduna da magidanta a Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi. Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyar kauce wa haka.

2.0 Ma'anar ɗaurin reshe

Gwaba baƙuwa ce, asalinta yankin Amurka ta Tsakiya, sunan nata ma na aro ne. Dabarar da za a yi magana a kai kuwa Sinawa sun yi ƙarnoni suna amfani da ita. A nan za a kira ta ɗaurin reshe domin a bambanta ta da aure. Shi aure haɗa itace biyu ne su zama ɗaya, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ɗaurin reshe kuwa shi ne a sa reshe ya fid da saiwa tun yana jikin uwarsa, sa'an nan a yanke shi a dasa. Tun da yake tsagin jikinta ne, irin 'ya'yanta zai yi.

3.0 Yadda ake yin sa

Akan zaɓi reshe lafiyayye mai kaurin ɗan yatsa, wanda ya kai kimanin shekara 1. A zagaye shi da wuƙa mai kaifi a wuri 2, da tazarar inci 1 zuwa 1½, a ɗaye ɓawon da ke tsakani. Daga nan a kankare santsin da ya rage a jikin icen, don in an bar shi ɓawo zai sake haɗewa. Sai a dunƙula ruɓaɓɓen garin katako da ƙasa mai taki, masu danshi ba jagab ba, a lulluɓe wurin, a naɗe da leda, a ɗaure sama da ƙasa tamau.

Hikimar abin ita ce, ruwa ta cikin ice yake hawa, abincin da ganye ya sarrafa kuwa ta ɓawo yake sauka. Idan an yanke ɓawo, reshe ba zai bushe ba, amma abincin zai taru a saman yankan, ya haddasa fitowar saiwa. Cikin mako 5 zuwa 8 akan hangi saiwoyi ta cikin ledar.

A Kaduna damina kan kama daga Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. Saboda haka watan Mayu da Yuni su ne suka fi dacewa da ɗauri, domin dashe ya sami sauran ruwan damina. Wanda ya bari sai Satumba, hunturu ne zai tari dashensa.

4.0 Reno

Bayan an yanke reshen daga ƙasan ɗaurin, a rage rabin ganyensa, a kwance ledar a hankali, a sa shi a jakar reno, a ajiye a inuwa har wata guda. Sa'an nan a dasa a rami mai zurfin ƙafa 2, a bar tazarar ƙafa 18 zuwa 20 tsakanin bishiyoyi.

Wajibi ne a lura cewa wannan dashe ba shi da uwar saiwa mai nutsewa ƙasa kamar wanda ya tsiro daga ƙwaya. Don haka fari da iska sun fi yi masa illa. A kafa masa sanda, a killace shi daga awaki, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa ba tare da ta taɓa jikinsa ba, gudun gara. A riƙa ba shi ruwa sau 2 ko 3 a mako daga Nuwamba har faɗuwar damina. Furen fari kuma a tsinke shi, don bishiyar ta yi ƙarfi.

Idan ta soma 'ya'ya, babban abokin gaba shi ne ƙudan da ke sa musu tsutsa. An fara ganin wani mugun nau'insa ɗan Asiya a Kenya a 2003, ya kuma bazu har Afirka ta Yamma. Maganin farko shi ne a tsince duk ɗan da ya faɗi, a binne shi da zurfi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ɗaurin reshe ba ya bukatar kome sai wuƙa da leda da garin katako, kuma dashensa kan soma 'ya'ya cikin shekara 1 zuwa 2. Amma ɗaurin kansa aikin rabin sa'a ne. Abin da ke raba mai riba da mai asara shi ne a ɗaure da farkon damina, a kuma jure wa ban ruwa a ranin farko.