Kafin Ku Dasa Itace a Wannan Kaka

Bara, a ƙarshen Oktoba, mu 'yan ajinmu muka haɗa kuɗi muka sayi 'ya'yan itatuwa arba'in, muka dasa a bayan ɗakunan kwana don mu bar abin tunawa. Ni na kawo shawarar lokacin, saboda na ga wani bidiyo a YouTube inda wani mai lambu a Ingila yake cewa kaka ce lokacin dashe mafi kyau. Kafin Afrilu saura guda shida. Har yau abokaina suna kirana "Injiniyan Bushewa". To, tunda na ji wasu ƙungiyoyi na shirin irin wannan a bana, bari in faɗi abin da na koya.

Baturen nan bai yi ƙarya ba. A Ingila, daga Oktoba zuwa Nuwamba ƙasa tana da sauran ɗumi, ruwa yana sauka, yawancin itatuwa sun zubar da ganye sun daina girma a sama. Ƙarfin itacen duka sai ya koma saiwa, kafin zafi ya zo ya riga ya kama ƙasa. Ka'idar ke nan: a dasa lokacin da saiwa za ta samu danshi na watanni ba tare da rana ta ƙona ganye ba.

Mu a nan Arewa, kaka ƙofar rani ce. Ruwa yana ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba ko Oktoba, hunturu ya shigo da busasshiyar iska, sannan bazara ta biyo da zafin da ke haura digiri 40. Lokacin da ya dace da waccan ka'idar a wurinmu shi ne bayan ruwa ya zauna, wato Yuli zuwa farkon Agusta.

To kaka fa, zama za a yi? A'a, lokacin zaɓe da reno ne. A fara da tambayar me ake so. In inuwa ce, darbejiya tana jure fari, amma saiwarta na fasa gini, don haka a nisanta ta da bango. Tsamiya ma inuwa ce mai kyau, sai dai tana da jinkirin girma. In 'ya'ya ake so, a nemi mangwaro mai aure, wanda kan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, ko gwaba. Zogale kuwa cikin shekara guda za a fara cin ganyensa. Don shinge, lalle ya fi min komai: reshensa kawai ake yanka a kafa, kuma yana jure aski. A ajiye waɗannan a leda ƙarƙashin inuwa kusa da famfo, inda ban ruwa ba zai zama wahala ba.

Wajen saye, kada tsawo ya ruɗe ku. A ɗaga ledar a duba gindi. In saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe kamar gammo, a bar shi. Ɗan gajere mai kauri ya fi dogo siriri.

Ranar dashe, a haƙa rami kamar ƙafa biyu faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A yanke ledar a cire, wallahi na ga waɗanda suka binne da ita. Kada a zurfafa itacen fiye da yadda yake a leda. A danna ƙasa, a yi masa ɗan kwari a kewaye, a ba shi ruwa sosai da yamma.

In kuwa dole sai an dasa yanzu, saboda bikin yaye ɗalibai ba ya jiran damina, a rage yawa. Goma da za a iya shayarwa sun fi ɗari. Kowane itace a ba shi mai kula da shi da suna, bokiti guda sau biyu ko uku a mako har ruwa ya sauka. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa jikin itacen ba, saboda gara. A kewaye shi da ƙaya ko waya, don akuya ba ta san aikin ƙungiya ba. Kuma a tuna da hutun zangon karatu: namu da yawa a lokacin hutu suka mutu, kowa ya tafi gida.

Shidan nan da suka rayu duk suna kusa da wurin alwala ne, inda ruwa ke gangarowa kullum. Mu muna kan hanyar fita. 'Yan aji ɗaya, idan Yuli ta zo, ramuka talatin da huɗu na nan suna jiran ku.