Yadda ake shirya gidan marayu kafin zuwan masu bincike a Malanbil

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai riƙe da gidan marayu ko gidan kula da yara a Malanbil ya san wata rana motar hukuma za ta tsaya a ƙofarsa. Dalilin zuwanta a fili yake. Garin nan bakin iyaka ne, ga Gaya can hayin kogin Kwara, ga babbar kasuwa mai jawo mutane daga Nijar da Najeriya. Yaro na iya tsallakowa cikin kwale-kwale da safe, yamma ta yi ba wanda ya san ɗan wane ne. Tun 2012 Jamhuriyar Benin ta shimfiɗa ƙa'idoji ga irin waɗannan gidaje, waɗanda ake kira CAPE a taƙaice, dokar yara ta 8 ga Disamba 2015 kuma ta ƙara musu ƙarfi. Ga yadda ake shiri.

Mataki na farko shi ne izini. Rajistar ƙungiya daban take da izinin riƙe yara, wanda ke fitowa daga ma'aikatar jin daɗin jama'a. A fara da ofishinta na cikin gari, wanda aka sani da CPS, yanzu GUPS. A haɗa takardar izini da ta fili ko ta haya da dokokin cikin gida a kundi guda, a ajiye inda hannu zai kai nan take.

Na biyu, kuma mafi nauyi, dosiyen kowane yaro. A ciki a samu takardar haihuwa, katin rigakafi, shaidar makaranta, hoto, da takardar da ke nuna wa ya kawo shi, yaushe, da umarnin wa. Yaron da 'yan sanda suka tsinta a tasha yana buƙatar takardar alƙalin yara kafin zamansa ya halatta. Wanda ba shi da takardar haihuwa a bi masa ta ofishin magajin gari da kotu. Sannan a ware shafi na neman dangi: an kira wa, an aika wa, me aka ji daga Gaya ko Kamba ko Karimama. A rubuta sunan da uwarsa ke kiransa da shi da harshen da ya zo da shi, Dandanci ne, Zabarmanci, Fulatanci ko Hausa, domin wani lokaci da wannan kaɗai ake gano gidansu. Gidan marayu zango ne, kuma mai bincike na son ya ga ana nema wa yaro hanyar komawa cikin danginsa.

Na uku, a zaga gidan da idon baƙo. Ɗakin maza daban, na mata daban, kowane yaro da shimfiɗarsa da gidan sauronsa. A ɗaga gidan sauron a haske a nemi huda, don sauron bakin kogi ba ya raina ƙaramar ƙofa. A leƙa bayan gida, a rufe rijiya da randa, a kulle magani a akwati. Buhunan shinkafa da masara a ɗora su kan katako, nesa da ƙasa, saboda ambaliyar Agusta da Satumba. A rubuta inda za a kai yara idan ruwa ya shigo, da wanda zai ɗauki jarirai.

Na huɗu, ma'aikata. Kowa, har mai dafa abinci da maigadi, ya kawo takardar kotu mai shaida ba a taɓa ɗaure shi ba, da ta likita. A tsara masu kwana da yara da sunayensu. A gaya wa kowa ƙarara cewa dokar 2015 ta hana dukan yaro. Lambar 138, wadda ake kira kyauta idan an cuci yaro, a rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon da yara ke gani.

Na biyar, gwajin kai. Duk wata a zaro dosiye uku ba zaɓe a duba, a gwada littafin shigar kuɗi da fitarsu da abin da ke cikin sito.

Ranar da masu binciken suka zo, a tarbe su, a ba su ruwa, a buɗe kowace ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada a kitsa wa yara abin da za su faɗa. A bar su su gana da baƙin su kaɗai. Duk gyaran da aka nuna a rubuta shi, da wanda zai yi da ranar gamawa, a kai wa ofishin ma'aikatar amsa a rubuce.

Wahala ce, ba shakka. Amma wata rana wata uwa za ta sauko daga kwale-kwale tana faɗin sunan ɗanta, kuma dosiyen nan da aka cika da haƙuri shi zai sa a ce mata: shigo, Inna, yana nan.