Jinin da Ido Ba Ya Gani: Darasi a Kan Gwajin Bayan Gida

Kai da ka haura shekara 45, ko kana kasuwanci a Adum ko kana zaune a Zongo, Aboabo ko Asawase, da kai ake wannan magana, kuma da ke ake, Hajiya. Magana ce da ake jin nauyin yinta, domin ta shafi bayan gida, amma jin nauyin nan ya sa mutane da yawa ba sa isa gaban likita sai cuta ta riga ta yi nisa.

Sankarar babban hanji ita ce ta uku a yawa cikin sankarorin duniya, ta biyu kuma wajen kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu da ita, fiye da dubu 900 suka rasu. Galibi tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda ba ya ciwo, ba ya hana cin tuwo. Tsiron kan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara, kuma ba kowanne ke rikiɗewa ba. A tsawon wannan lokaci yakan riƙa tsattsafar da jini kaɗan-kaɗan, wanda ke cakuɗewa da bayan gida har ido ya kasa ganinsa. Wannan jinin ake nema, tun mutum yana jin kansa garau.

Gwajin iri biyu ne. Tsohon, wanda ake shafa bayan gida a kan kati, ba ya bambance jinin mutum da na dabba, don haka ana umartar mai yinsa ya bar jan nama kamar kwana 3, ya kuma kawo samfuri daga fita uku. Wanda ya ci tsire daren jiya zai iya samun sakamakon da ba gaskiya ba. Sabon, wanda ake kira FIT, jinin ɗan Adam kaɗai yake ganewa. Ba a canza abinci dominsa, kuma samfuri ɗaya yakan isa. In akwai zaɓi, shi ya fi. Ka tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji wanne ne a hannunsa.

Ga yadda ake ɗauka. Za a ba ka 'yar kwalba mai tsinke a jikin murfinta. Kada bayan gidan ya taɓa fitsari ko ruwa. A gidajen haya da yawa na Zongo ana tarayya a masai ɗaya, wasu ma gidan wanka na unguwa suke zuwa, saboda haka ka tanadi fo mai tsabta ko takarda mai kauri, ka yi a kai. Ka goga bakin tsinken a wurare daban-daban, ka mayar da shi cikin kwalbar, ka rufe sosai, sannan ka yi tsarki ka wanke hannu da sabulu. Ɗan kaɗan ake bukata. Ka rubuta suna da kwanan wata, ka kai a ranar ko washegari, domin zafi yana lalata jinin da ake nema. Kwalbar da ta wuni a aljihu cikin ranar Kejetia tana iya ɓoye abin da ke akwai. Mace ta jira har haila ta ɗauke da 'yan kwanaki.

Idan aka ce an ga jini, kada gabanka ya faɗi. Mafi yawan waɗanda aka gaya wa haka ba su da sankara. Basir yana jawo shi, haka tsagewar dubura, atini, tsutsar ciki, da wasu magungunan ciwon jiki. Sai dai gwajin ba ya faɗin inda jinin ya fito, don haka mataki na gaba shi ne leƙa hanji da na'ura mai kyamara, wadda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee. Idan likita ya tarar da tsiro, sau da yawa a nan take yake cire shi, kafin ya zama komai. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ce basir ne, ya sayi jiƙo, ko ya sake gwajin yana fatan na biyu ya wanke shi. Tsiro ba kullum yake zubar da jini ba. Sakamako mai kyau a karo na biyu ba ya soke na farko.

Idan kuwa ba a ga komai ba, sai a maimaita bayan shekara ɗaya ko biyu. A Ingila ana aika wa masu shekara 50 zuwa 74 kwalbar har gida duk shekara biyu, Amurka kuma ta sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2021. A nan, kai ne za ka nema da bakinka. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa yin cutar ya gaya wa likita, domin nasa binciken yakan fara da wuri.

Wannan gwaji na masu jin lafiya ne. Wanda ke ganin jini da idonsa, ko bayan gidansa ya canza tsawon mako 3, ko yana ramewa ba dalili, ko an ce jininsa ya yi ƙasa, ya je wurin likita kai tsaye, ko shekarunsa 30 ne.

Ku kuma fataken goro da albasa da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi, Wagadugu, Yamai da Kano, ku karɓi sakamakonku a rubuce kafin ku kama hanya, ku bar lambar waya da za a same ku a can, ku riƙe takardar tare da katin asibiti domin likitan kowace ƙasa ya iya ɗorawa daga inda aka tsaya.